Rasuwar Baƙo, Famfon Rijiyar Mani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro busasshe, gidan Mani mai zangon shanu na Ƙofar Rini yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da mahauta, da fatake, da duk wanda ya taɓa kurɓar ruwa a bakin rijiyarsa, rasuwar famfonsa, wanda unguwa ta fi sani da suna Baƙo. Ya cika jiya da hantsi, a tsakiyar wannan bazara, bayan doguwar jinya wadda ta cinye fata da kitse da danƙo da haƙurin kowa. Mani ya so ya yi wannan sanarwa da bakinsa, to amma tun jiya in ya buɗe baki sai ya dubi garke ya rufe, shi ya sa aka yi ta a madadinsa.

Marigayi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ya iso Sakkwato cikin akwatin katako bisa raƙumi, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara, ya fara zama a kantin wasu Turawa masu sayen fata da ƙirgi. Da kasuwar fata ta faɗi, Baturen kantin ya naɗe kayansa, ya ga ƙarfen nan ya yi nauyin ɗauka, sai ya bar wa Mani shi, da yake Mani ya daɗe yana kai masa ƙirgi. Mani dai har yau cewa yake kyautar girmamawa ce. Ba a yi masa musu, balle yanzu da yake cikin makoki.

Sunan Baƙo kuwa Atika, matar Mani, ita ta raɗa masa. Ranar da aka kafa shi a bakin rijiya unguwa ta taru. Mani ya naɗe hannun riga, ya kama hannun ƙarfe, ya yi sama ya yi ƙasa har gumi ya jiƙe masa hula, babu abin da ya fito sai huci. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Can ya tuna ya taɓa ganin Baturen yana zuba masa ruwa ta sama kafin ya fara ja. Aka kawo ƙwarya guda aka ɗura masa. Fatar da ke cikinsa ta jiƙa ta kumbura, ta kama bangon tulun ƙarfen, hannu ya yi nauyi, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa. Atika tana leƙe daga bayan zana ta ce, "Ashe baƙo na. Ba shi gaisawa da kowa sai an ba shi ruwa." Tun daga ranar, ƙwaryar farko ta kowace safiya tasa ce, kafin mai gida ma ya sha.

Halayen marigayi ba ɓoyayyu ba ne. Aiki biyu yake yi a numfashi ɗaya. In an danna hannu ya zuƙo ruwa daga ƙasa, in an ɗaga ya tura shi ta bututu har komin shayar da shanu da ke can ƙarshen zango, inda da sai an ɗauka a ka. Muryarsa ta lafiya kowa ya san ta a Ƙofar Rini: ƙi-gwaf, ƙi-gwaf, ƙi-gwaf, sannan shaaa. Shanu sun san ta fiye da kiran makiyayi, da sun ji sai su miƙe. Bai taɓa cewa bayansa na ciwo ba. Bai taɓa roƙon goro ba. Bai san ranar kasuwa ba, bai san bikin ƙanwar matarsa ba. Maƙiyinsa ɗaya ne a duniya, iska. In ta sami 'yar kafa ta shiga jikinsa, sai ya bar ruwa ya kama shan ta.

A nan sanarwa za ta ɗan rage murya, don akwai abin da ba a son faɗa a gidan makoki, amma in ba a faɗa ba, ba za a gane tsarin jana'izar ba. Kafin zuwan Baƙo, rijiyar nan baki buɗe take. Mode da ƙannensa su ke ja wa shanu ruwa da guga tun zamanin mahaifin Mani, matan unguwa kuma kowa ta zo da igiyarta ta ɗiba babu neman izini. Da Baƙo ya kama aiki, Mani ya sallami Mode. Da kuma ya ji cewa iska ce maƙiyiyar famfo, bai tsaya tambayar wace iskar ake nufi ba, ya sa aka ɗora wa rijiyar gaba ɗaya faffaɗan dutse, aka liƙe gefe da gefe, aka bar 'yar kafa daidai bututu. Ya ɗaura wa hannun sarƙa. Mai son ruwa sai ya zo lokacin da Mani ya ga dama. Bai hana kowa ba, a yi masa adalci, amma ya koya wa mutane jira a bakin abin da suka gada. Mode ya naɗe igiyoyinsa, ya rataya guga a kafaɗa, ya ce, "To, Mani, Allah shi bar ku tare. Ranar da kay yi rashi, ƙarhen ga shi zo shi yi maka gaisuwa." Mani ya yi dariya a lokacin, dariya mai yawa.

Saboda marigayi ne kuma Jinaidu ya kawo shanunsa. Jinaidu aminin Mani ne tun suna yara. Da kaka ta wuce ya kora bajimai zuwa kudu, ya bar matan garken da maruƙansu a zangon Mani, shanu irin bokolo masu ƙiba, waɗanda ya gada daga ubansa, uban ya gada daga nasa. A lokacin an fara jin labarin bushiya, cutar nan da in ta shiga garke ba ta barin ko na nunawa, kuma a mashaya ake ɗaukarta, inda shanun kowa ke sa baki wuri ɗaya. Jinaidu ya dafa tulun ƙarfen Baƙo da hannu ɗaya, ya kama hannun Mani da ɗayan, ya ce, "Su na dukiyata duka, ba ni da wasu. Komi ya faru, kada su sha ruwan gulbi." Mani ya buga ƙirji ya ce muddin Baƙo na numfashi, ko ƙamshin gulbi ba za su ji ba. Ga shi kuwa bushiya ta sauka a gulbi, ungulu sun yi ƙiba, shanun Jinaidu kaɗai suka rage ba mai hawaye ko zawo a cikinsu.

Ciwon ajali ya fara a hankali, yadda irinsa ke farawa. Da safe ƙwarya ɗaya ta daina isarsa, sai an ƙara, sai an sake ƙarawa. In an bar ja aka kasa kunne, sai a ji ruwan da ya hau yana sulalewa yana komawa, ƙururu, ƙururu. Aka kira Sodangi maƙeri, wanda shi ne likitansa tun farko, don babu wani. Suka zaro bututu. A can ƙarshensa akwai wani ɗan murfi mai buɗewa ruwa ya hau, ya rufe kada ya koma. Suka tarar yashi ya cushe shi, ya hana shi rufuwa. Aka wanke, aka ɗaura masa rariya a baki, aka mayar. Ya ji sauƙi, Mani ya yi sadakar waina.

Ba a daɗe ba sai ga wata sabuwar murya, siririya, fiii, fiii, duk danna hannu. Ruwa ya koma fita da kumfa, rabi ruwa rabi iska. Mani ya bi bututu da kunne yana rarrafe, babban mutum da gemu, bai gano wurin ba. Sodangi ya fizgi ɗan zaren auduga ya riƙa kai shi kusa da kowace gaɓa ana ja. Da ya iso mahaɗar da ke ƙarƙashin tulu sai zaren ya lanƙwasa, ya manne da ƙarfe. A nan iska ke shiga. Aka narka danƙo, aka naɗe da tsumma da kitse, aka ɗaure tam. Fiii ta tafi. Mani ya sake yin sadaka, wannan karon ta ɗan fi ta farko ƙanƙanta.

Sai hannu ya yi sako-sako. A danna shi ya tafi ƙasa babu nauyi, ɓaf, ɓaf, ba ya kama komai. Aka buɗe tulu aka ga fatar da ya zo da ita daga ƙasarsu ta cinye, ta zama kamar tsohon takalmi. To, a nan aka yi kuskuren da ba wanda zai yi shi sai mutumin garin nan. Sodangi ya ce a nemo ƙirgi mai kauri. Mani ya ce ina, Baƙo ba zai sa fatar takalmi a cikinsa ba alhali yana zaune a garin jar akuya, fatar da Turawa da kansu ke tsallako teku su nema. Ya je wurin majema ya zaɓo wadda ta fi kowace laushi, ja wur, mai ƙamshin bagaruwa, irin wadda ake yi wa littafi gafaka. Baduku ya yanka ta da kyau har da ɗan ado a baki. An sa ta da safe, kafin azahar ta jiƙe ta naɗe, ta yayyage, guntayenta suka bi ruwa suka toshe hanyar komi. Yini guda aka yi ana tsintar jar fata daga hanjin marigayi, shanu suna tsaye suna kallo. Daga baya aka koma ga ƙirgin wuyan sa, aka jiƙa shi da man shanu, ya zauna daram. Mani bai sake ambaton akuya ba, kuma ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ambata.

Bayan wannan babu sauran aibi a jikinsa. Fata sabuwa, gaɓoɓi a liƙe, murfi yana rufuwa. Kuma a nan ne abin ya gagara. A danna hannu ya yi nauyi ƙwarai, a sake shi ya yi tsalle ya dawo da ƙarfi, har ya taɓa fasa wa Mani leɓe. A ji ruwa yana tahowa, yana tahowa, ya iso kusa, sai ya tsinke, gwarrr, ya faɗa. Abin da ake samu a yini bai fi abin da maruƙa za su lasa ba.

Atika ce ta fara faɗa. Ta ce, "Malam, ba ciwo na garai ba. Ruwa na yay yi ƙasa. Gidan kowa an ƙulla ma igiya ƙari bana." Mani ya ce famfo ba guga ba ne. Amma da ya zura zare da ɗan dutse ta kafar bututu, zaren ya yi ta tafiya har ya ba shi tsoro. Akwai sauran bututu guda cikin akwatin da marigayi ya zo da shi, aka ɗaura, aka zura, bakinsa ya nutse cikin ruwa sosai. Aka ja. Gwarrr. Ruwa yana nan, bututu yana cikinsa, amma ba ya hawowa. Sodangi ya zauna a ƙasa ya share gumi, ya ce shi dai a ganinsa zuƙar Baƙo tana da iyaka. Ko mutum aka ba shi kara mai tsawon gaske ya zuƙi ruwa da shi, akwai inda numfashinsa zai tsaya, komai lafiyarsa. Ruwan bana ya sauka ƙasa da inda numfashin Baƙo ke kaiwa. Ya ce a fasa dutse a koma guga kafin damina.

Fasa dutse yana nufin zuwa ƙofar Mode. Mani ya dubi dutsen, ya dubi hanyar gidan Mode, ya ce a'a, ƙarfi ne ya yi kaɗan.

Jiya da safe ya aika mahauta aka turo masa ƙarti, irin waɗanda ke kayar da sa su kaɗai. Shanu sun kwana ba su sha ba, sun kewaye komi suna lasar busasshen katako. Aka ɗura wa Baƙo ƙwarya, ya shanye. Aka ƙara, ya shanye. Mani ya shiga gida ya kinkimo tulun alwala, shi ma aka ɗura masa. Ya koma ya tsaya a kan randar Atika, wadda ita ce ruwan gidan na ƙarshe. Atika ta tare bakin randar da hannu biyu ta ce, "Malam, wanga shi na na tuwo, shi na na sha." Ya ce, "In yat tashi, randa goma za ki cika." Ta janye hannunta.

Aka juye randar a maƙogwaronsa. Ƙarti suka kama hannu, biyu nan biyu can, Mani yana ba su baki. Marigayi ya yi ƙoƙari, wannan duk wanda ke wurin zai shaida. Ya yi ƙi-gwaf sau ɗaya da tsohuwar muryarsa, har shanu suka ɗago kai, har Mani ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya yi wani nishi da ba a taɓa jin ya yi ba. Sannan ƙas. Sandar cikinsa ta karye, tulun ya tsage daga wuya har gindi, ɗan ruwan randar da ya rage a cikinsa ya tsiyaye ta tsagar, ƙasa ta shanye kafin a kawo ƙwarya. Sodangi ya shafa tsagar da yatsa ya girgiza kai. Irin wannan ƙarfen ba ya ƙeruwa a maƙera, kuma danginsa mafi kusa suna bayan teku.

Marigayi ya rasu ya bar Mani, wanda bai ci abinci ba tun lokacin. Ya bar Atika da randa wayam. Ya bar komaye busassu, da sarƙa da kwaɗonta waɗanda ba su da sauran abin tsarewa, da ragowar jar fata da ba a san yadda za a yi da ita ba. Ya bar shanun Jinaidu. Su ne marayun gaskiya. Jiya kuka suke yi, yau sun daina, kuma duk wanda ya san shanu ya san wanne ya fi muni. Nono ya ɗauke. Akwai wata fara mai tsohon ciki da ta kwanta tun asuba, an ɗaga ta ta sake kwantawa. In iska ta kaɗo daga gulbi sai garken duka ya juya ya dafe shinge ta wannan gefen, Mani ya bi su da sanda yana kora yana ba su haƙuri da sunayensu. Ɗan ruwan da maƙwabta suka aiko a tulu, Allah ya saka musu, an raba wa maruƙa, bai kai ko'ina ba.

Hanya biyu ke buɗe in ba a sami ruwa gobe ba, kuma Mani yana tsoron kowace. Ko a buɗe shinge su tafi gulbi su sha tare da bushiya, ko a kira wuƙa tun suna da nama a jiki. Wasu daga cikin mahauta sun riga sun zo gaisuwa tun ba a sanar ba, bakinsu yana Allah ya ba da haƙuri, idonsu yana kan cinyar saniya. An gode musu, an kuma gane su. Jinaidu yana hanya, an ce da ruwan farko zai shigo gari. Mani ya ce ya fi son ƙasa ta tsage ya shige da ya tarbi amininsa da tarin ƙirgi.

Jiya da la'asar Mani ya sa rigarsa ya tafi ƙofar Mode. Ya yi sallama, ya daɗe a tsaye kafin a fito. Ya ce, "Mode, na yi rashi." Mode ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Na ji labari. Wa za shi yi maka gaisuwa, tunda mai gaisuwar na yam mutu?" Mani ya ce, "Ba don ni ba. Don bisashen ga." Mode ya dubi igiyoyinsa da ke rataye a zaure, sun yi ƙura, ya ce, "Na ji." Ya koma ciki. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba, kuma a kan wannan "na ji" gidan Mani ya kwana.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe in Allah ya kai mu, da an sallame sallar asuba, za a taru a bakin rijiya. Ba za a yi wa marigayi salla ba, liman ya riga ya faɗa, kuma gaskiyarsa ne. Ba za a yi masa wanka ba, dalili a fili yake. Za a kwance shi, a zaro bututunsa, a ɗora shi a jaki zuwa maƙerar Sodangi, abin da zai ƙeru a jikinsa a yi ƙugiyar guga da shi. Daga nan za a fasa dutsen da ke bakin rijiya. Mani ya ce shi zai fara sa guduma, kuma ya yi rantsuwa a gaban shaidu cewa ba za a sake rufe ta ba, ba za a sake ɗaura sarƙa ba, ko jikokinsa.

Ruwan yana da nisa, garken yana da yawa, hannu biyu ko huɗu ba za su iya ba. Sai an yi ta ja ana karɓeɓeniya daga safe har rana ta faɗi, gobe da jibi da gata, har Allah ya kawo damina. Don haka ana roƙon duk mai niyyar gaisuwa kada ya kawo goro, kada ya kawo hatsi. Ya zo da gugarsa, ya zo da igiya mafi tsawo da ke gidansa, in gajera ce a ƙulla da ta wani. Matan unguwa da aka sa jira shekara da shekaru, Mani ya ce ba shi da bakin roƙonku, Atika ce ke roƙo. Wurin tsayawa na gabas, inda ƙafar Mode ta yi gurbi a tsohon dutsen gefen rijiya tun da, an share shi, ba wanda zai taka, za a bar shi har mai shi ya iso.

Mani zai karɓi gaisuwa a tsaye, da igiya a hannu. Yana neman afuwa tun yanzu a kan abu ɗaya. Gidansa bai taɓa barin baƙo ya zauna ba a kawo masa ruwa ba, tun zamanin kakansa. Gobe duk wanda ya zo ya ga ba a tarbe shi da ƙwarya ba, don Allah kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Na ƙarshen da ke gidan an ba marigayi, ya sha, ya tafi bai gaisa da kowa ba.